Wasiƙa ga Malaman Ajin Ƙananan Yara na Garwa



Yaron da ake kawo muku daga unguwar Yelwa ko Fulɓere yana ɗan shekara huɗu, bakinsa cike yake da magana: Fulatanci a tsakar gida, Hausa a kasuwa, wani ma har da Mundang na kakanninsa. Da ya shiga aji ya ji komai da Faransanci, sai ya yi tsit. Kansa lafiya lau, harshen da yake tunani da shi ne aka ajiye a bakin ƙofa.

Roƙona gare ku shi ne ku sa iyaye su haɗa littafi da 'ya'yansu a gida. A ninke farar takarda biyar, a yanko kwalin sabulu a yi bango, uwa ta ɗinke tsakiya da zare da allura. Yaro ya zana abin da idonsa ya saba gani: kwalekwale a Binuwai, dorina, motar Sodecoton shaƙe da auduga. Sai a zauna a tambaye shi: mene ne wannan, ina za shi, daga nan sai me? A rubuta amsarsa a ƙarƙashin zanen yadda ta fito daga bakinsa, ko da a karkace.

Wannan hirar ita ce ribar. Kakar da ba ta taɓa shiga boko ba ta fi kowa kalmomi. Ita ta san sunayen kifaye da na ganyayen miya, kuma tatsuniyarta ɗaya za ta cika littafi. Uban da ya yi makarantar allo ya rubuta da ajami, kada ku hana shi.

Kada kuma ku ji kamar kun saɓa wa hukuma. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa, shirin PROPELCA ya fara koyarwa da su tun 1981, haruffan bai ɗaya na harsunan Kamaru na 1979 kuwa suna da ɓ da ɗ da muke buƙata.

Idan littafin ya iso aji, don Allah ku ajiye jan biro. Ku bar mai shi ya tsaya ya ba 'yan ajinsu labarin da harshen gidansu, sannan ku ƙara kalmar Faransanci ɗaya ko biyu a gefen kowane zane, ku mayar masa ya kai gida a sake karantawa tare da ƙannensa.

Wassalam.