Tsakanin Zane da Lissafi

A hutun da ya gabata na raka ɗalibaina uku Tudun Wada, inda suke tsara wa wata ƙungiyar manoman masara manhajar rabon bashin taki. Siffar aikin iri biyu suka riƙo: zanen UML mai akwatuna da kibiyoyi, wanda aka amince da ƙa'idojinsa a 1997, da rubutun Z mai alamomin lissafi, wanda ya bunƙasa a Jami'ar Oxford ta Ingila.

Sakataren ƙungiyar, dattijon da bai taɓa aiki da kwamfuta ba, ya bi kibiyoyin da yatsa, ya ce, "'Ya'yana, nan kun yi kure. Mu da buhu muke biya bayan kaka, ba da kuɗi duk wata ba." Takardar Z kuwa kallo ɗaya ya yi mata ya ture.

A hanyar dawowa, wajen Bebeji, ɗalibai biyu suka kaure da gardama: mai tsohon bashi zai karɓi sabo? Zanen bai fayyace ba; layi ɗaya na Z ya raba gardamar.

Don haka nake roƙon 'yan uwana malamai mu koyar da duka biyun. Zane ke ba manomi damar yi mana gyara, lissafi ke toshe kafar da takinsa zai zurare.