Dandalin Girke-girke: Gahawa Mai Cakulan, Haɗin Gida

   

A wannan wata ba za mu ɗora tukunyar miya ba. Abin sha za mu haɗa, mai ɗumi, wanda zai raka biredi ko ƙosai da safe, ya kuma fitar da ke kunya idan baƙi suka yi sallama babu shiri. Shi ne gahawa mai cakulan, wanda a manyan otal-otal da wuraren shan shayi na zamani ake kira moka, ake kuma tsawwala masa kuɗi. Alhali idan kika duba, kayan haɗinsa huɗu ne kacal: gahawa, koko, madara da sukari. Sirrin duk yana ga awo da kuma sanin abin da za ki fara zubawa.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin na gane haka. Ranar da na fara haɗa shi, bayan sallar Isha'i ne, na ɗauka ana zuba gahawa kamar yadda ake zuba Milo, sai na antaya cokali uku a kofin maigida. Ga koko ya taso sama gudaji-gudaji, ga ɗaci. Bawan Allah ya daure ya shanye don kada in ji babu daɗi. Yadda ya ga rana haka ya ga dare, sai gab da assalatu barci ya ɗauke shi, da ƙyar ya samu jam'in Asuba. Da ya dawo daga masallaci ya ce, "Maman yara, wai me kika ba ni jiya?" Don kada hakan ta faru da ke na ce bari mu bi abin daki-daki.

Da farko mu warware sunaye, domin Hausa ta haɗa mana su wuri guda. Idan na ce gahawa, ina nufin abin da wasu ke kira kofi, irin su Nescafé da danginsa. Idan na ce kofi, mazubi nake nufi. Haka kuma kokon da za mu yi aiki da shi ba kokon gero ba ne na karin kumallo, garin koko ne mai ruwan ƙasa wanda ake yin cakulan da shi.

Ga 'yar tsaraba kuma ta tarihi da za ki ba yara. Asalin bishiyar gahawa daga Habasha take, amma mutanen Yaman ne suka shahara da dafa ta tun ƙarni na 15, inda masu ibada ke sha don su iya raya dare. A gaɓar Bahar Maliya akwai wani gari na Yaman mai suna Moka, daga tashar jiragen ruwansa ake fitar da gahawa zuwa sassan duniya har zuwa farkon ƙarni na 18. Sunan garin ne ya bi wannan abin sha. Shi kuwa koko daga nahiyar Amurka ya fito, mutanen Meziko na dā suna shan sa da ɗacinsa, har da barkono. A shekarar 1828 aka ƙirƙiro injin matse man koko a ƙasar Holan, aka samu irin garin da muke saya yanzu. A yau Kodebuwa ce kan gaba a noman koko a duniya, Gana da Najeriya da Kamaru ma suna cikin manyan masu noma shi. Ashe dai kayan na maƙwabta ne da na gida.

KAYAN HAƊI (na babban kofi ɗaya)

Garin koko marar sukari, ƙaramin cokali 2
Gahawar gari mai narkewa, ƙaramin cokali 1
Sukari, ƙaramin cokali 2
Madarar gari, babban cokali 2
Gishiri, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka
Ruwa, kofi 1

Idan mutum huɗu za ki yi wa, sai ki ninka komai sau huɗu.

YADDA AKE HAƊAWA

Uwargida ki ɗora ruwanki a wuta. Kafin ya tafasa, ki zuba garin koko da sukari da ɗan gishirin nan a cikin busasshen kofi, ki juya su sosai a bushe. Kada ki tsallake wannan mataki. Garin koko yana da maiƙo a jikinsa, shi ya sa idan kika kwara masa ruwa da yawa lokaci guda yake ƙin haɗuwa, ya dunƙule ya taso sama. Sukarin shi ke shiga tsakanin garin ya raba shi.

Idan ruwan ya tafasa ki sauke, ki bar shi kamar minti ɗaya ya ɗan huce, domin ruwa mai tsananin zafi yana ƙara fito da ɗacin gahawa. Sai ki ɗebi babban cokali biyu na ruwan ki zuba a kan kokon, ki dama da bayan cokali kamar yadda kike dama kamu, har ya yi sumul yana sheƙi, babu gudaji ko ɗaya. Yanzu ki zuba gahawar a ciki, ki ƙara ruwa kamar rabin kofi, ki juya.

A wani mazubi daban ki dama madarar da sauran ruwan. Idan kina son kumfar nan da ake gani a saman na otal, ba sai kin sayi wata na'ura ba. Ki samu sabon maburgi wanda bai taɓa shiga miyar kuka ba, ki burga madarar kamar minti ɗaya, za ki ga ta taso. Ko kuma ki zuba ta a kwalba mai murfi, ta tsaya a rabi, ki bari ta ɗan huce, ki rufe ki girgiza sosai. Daga nan ki tsiyaya madarar a hankali cikin kofin, ki kwashe kumfar da cokali ki ɗora a sama, ki barbaɗa ɗan garin koko. Shi ke nan, sai kai wa maigida.

Wata za ta ce me gishiri yake yi a nan? Ba don a ji shi ake sawa ba. Yana danne ɗaci ne, ya fito da ɗanɗanon cakulan, ta yadda ba sai kin cika sukari ba.

IDAN BA KI DA GARIN KOKO

Kina iya amfani da Milo ko Bournvita ko Ovaltine, babban cokali biyu. Sai dai ki tuna su da sukarinsu suke zuwa, don haka ki ɗanɗana kafin ki ƙara wani. Idan kuma sandar cakulan gare ki, ki ɓare gutsure huɗu ko biyar, ki yanka ƙanana, ki zuba cikin madara mai zafi a kan wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya narke. Kada ki bari madarar ta tafasa, za ta kama gindin tukunya ta yi ƙauri, ƙauri kuwa ba ya ɓoyuwa a abin sha. Wannan haɗin ya fi kauri da garɗi.

Mai amfani da madarar ruwa ta gwangwani, babban cokali uku ya isa. Idan kuwa mai kaurin nan ce mai zaƙi, to ki janye sukari gaba ɗaya.

Wasu kuma sukan samu tsarabar niƙaƙƙiyar gahawa wadda ba ta narkewa. Ita wannan dafa ta ake yi. Ki zuba babban cokali ɗaya a kofi ɗaya na ruwa, da ta fara tasowa ki sauke, ki rufe ta minti huɗu dusar ta kwanta, sannan ki tace da tsaftataccen ƙyalle. Da ruwan da kika tace za ki dama kokonki. Ki lura, farar gahawar nan ta Saudiyya da alhazai ke sha da dabino ba ta cika dacewa da wannan haɗi ba, saboda ba a soya ta ta yi duhu ba, koko zai danne ta. Wadda ta soyu ta yi baƙi ake nema.

KAYAN ƘAMSHI

A nan ne za ki nuna hannunki. Ɗan garin citta a bakin cokali yana tafiya da cakulan ƙwarai, musamman da sanyin nan, kuma 'yan'uwanmu na Sudan sun daɗe suna dafa gahawarsu da citta. Kirfa ma haka. Kanumfari kuwa ƙwaya ɗaya ta isa, ki jefa a ruwan tun yana kan wuta, ki cire kafin ki haɗa. Ki zaɓi guda ɗaya ko biyu, kada ki tara su duka, sai a rasa gahawa ake sha ko yaji.

Idan zafi ya shigo, ki yi haɗin da rabin ruwan da na faɗa, ki bari ya huce, ki zuba ƙanƙara. Dole dai a fara damawa da ruwan zafi, don koko ba ya haɗuwa da ruwan sanyi.

GA MAI SAMMAKON MAKARANTA

Uwar da ke shirya yara da sassafe ba ta da lokacin aune-aune. Ki haɗa gari ki ajiye: awo ɗaya na koko, awo ɗaya na sukari, awo uku na madara. Ki tankaɗe su tare da rariya, ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, ki ajiye inda babu danshi. Babban cokali uku yana yin kofi ɗaya. Amma kada ki sa gahawa cikin wannan gari. Ki bar ta daban, ta yadda yara za su sha cakulan zalla, babba kuma a ƙara masa cokalinsa a kofinsa.

ZUMA DA ZAƘI DA HARBI

Uwargida ki tsaya nan da kyau, don wannan ɓangaren ya fi girkin muhimmanci. Gahawa tana ɗauke da wani sinadari mai suna kafeyin, shi ne dai wanda ke cikin goro da ganyen shayi, kuma akwai kaɗan a cikin koko. Shi ke wartsakar da jiki ya kori barci. Bayan kamar awa biyar da sha, rabinsa yana nan a jiki bai fita ba. Saboda haka wannan abin sha na safe ne zuwa Azahar. Wanda ke son ya tashi Asuba garau, kada a ba shi da daddare. Idan maigida ya nemi abu mai ɗumi bayan Isha'i, ki ba shi cakulan da madara kawai.

Ga babban mutum mai lafiya, hukumomin lafiya na Amurka da Turai sun ce kada kafeyin ya wuce miligiram 400 a rana. Ga mai juna biyu kuwa iyaka miligiram 200 ne, wato kimanin kofi biyu na gahawar gari, kuma a cikin lissafin har da shayi da lemon kwalba mai kola da goron da ta ci a ranar. Yawan sa yana da alaƙa da haihuwar jariri marar nauyi da kuma ɓari. Idan kina da ciki, ki sa rabin cokali ko ki haƙura, ki kuma tambayi ma'aikaciyar awo. Mai shayarwa ma ta yi hattara, domin kaɗan daga ciki yana bin nono, sai ki ga jariri yana ta rigima ya ƙi barci.

Yara ƙanana ba a ba su gahawa. Mai hawan jini, da mai yawan bugun zuciya, da mai fama da ƙwannafi ko gyambon ciki, su nemi shawarar likita tukuna. Sannan gahawa da shayi suna rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda shi ne ke gina jini. Don haka mai ƙarancin jini, ko mai shan ƙwayoyin ƙarin jini na asibiti, ta bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakaninsu da kofinta.

Sai maganar sukari. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da babban mutum ke ƙarawa a ci da sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a rana, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Kin ga ke nan kofi ɗaya mai cokali huɗu da madara mai zaƙi ya kusa cinye rabon yini. Alfanun haɗawa a gida shi ne cokalin yana hannunki. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshen mutanen gidan zai saba ba tare da sun lura ba. Mai ciwon sukari kuwa a bi abin da likitansa ya tsara masa.

Abu na ƙarshe, wanda ya saba shan gahawa kullum yakan yi ciwon kai idan ya daina farat ɗaya, kamar yadda ake gani a kwanakin farko na azumi. Idan Ramadan ya gabato, ki fara rage wa maigida tun saura mako biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki jira sai dangin miji sun cika falo sannan ki gwada. Ki haɗa kofi ɗaya gobe da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ki zauna ki ɗanɗana, ki gane awon da ya dace da bakin gidanki. Idan ya yi ɗaci ki ƙara madara kafin ki kai hannu ga sukari. Idan ya yi salam, ki ƙara koko.

Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, da irin kayan ƙamshin da ta fi jin daɗi. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A sha daɗi lafiya.