Mai Zanen Da Ya Tsaya Wa Itatuwa

Akwai masu cewa wanda ya yini a daji yana zana itace a kan ƙyalle ya ɓata ranarsa a lahawu. Wannan hukunci an yi gaggawar yanke shi.

Ta fuskar shari'a, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar surori ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, neman fatawa. Sai ya hane shi surar abu mai rai, ya yarje masa itatuwa. Saura batun amfani, shi kuwa labarin wani Bafaranshe ya ishe shi hujja.

Sunansa Tiyodo Ruso, an haife shi a birnin Faris a 1812. Da fentin mai yake aiki, watau garin launi da ake kwaɓawa da mai, ba ya bushewa da wuri, mutum ya yi ta gyara bisa gyara. Alƙalan babban nunin zane na Faris suka yi shekaru suna mayar masa da aikinsa, daga baya ya tare a ƙauyen Barbizon, bakin kurmin Fontenbulo, wajen mil 40 daga birnin. Ba Musulmi ba ne, wani lokaci ma yakan sa shanu a bakin tafki, amma zuciyarsa tana kan tsofaffin itatuwan da Turawa ke kira ok, masu kaurin gindi kamar tsohuwar tsamiya.

A zamanin nan ma'aikatan daji suna sare tsofaffin, suna dasa wani iri mai saurin girma. Su ma ba a rasa su da hujja ba, gama katako kuɗi ne, tsohon itace kuwa ruɓewa yake yi a banza. Sai dai su lissafin katako suke yi, shi ko Ruso ya san kowane itace ɗai-ɗai, yadda makiyayi ya san shanunsa, domin ya daɗe yana dubansa rani da damina. Wa ya fi shi sanin abin da gatari ke ɗaukewa? A 1852 ya kai kuka ga mai mulkin ƙasar, wanda ya zama Sarki Napoliyon na Uku. A 1861 aka yi doka ta keɓe eka wajen 2,700 a kurmin saboda kyansu, aka hana musu gatari. Shekara 11 ke nan kafin Amurka ta keɓe gandunta na Yaloston.

Akwai wani babban zanensa na kurmin a lokacin sanyi, rana tana faɗuwa, wanda ya fara wajen 1846. Ya yi ta komawa kansa har ajali ya cim masa a Barbizon a 1867, bai kammala ba. Yana ajiye a gidan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok.