Ku Tsare Yara Daga Rafi Da Kududdufi

Ya ku iyaye, rafin Jakara da ke bi ta Fagge da Sabon Gari a Kano, da rani ruwansa kaɗan ne, amma in ruwan Agusta ya sauka, kafin a ankara ya tumbatsa. Haka rafin ƙauyenku yake. Kududdufi kuwa ramin ɗibar ƙasa ne, gefensa santsi, ba a ganin zurfinsa.

Yaron da ke nitsewa ba ya iya ihu. Saboda haka kada a bar wa 'yar shekara 7 tsaron ƙanenta a bakin ruwa, sai babba.

In an tsamo yaro ba ya numfashi, kada a kife shi wai ruwa ya fito. A hura masa iska baki da baki, a riƙa danna ƙirjinsa. Ko ya farfaɗo, ku kawo mana shi asibiti.