Ra'ayinmu: Gidan haya na farko, a saya ko a dakata?

Tun da aka saki farashin Naira a watan Yunin 2023, mai 'yar ajiya a banki yana ji yana gani kuɗinsa ke narkewa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Shi ya sa ma'aikacin da ya karɓi garatuti, da matar da ta kwashi adashe, da magajin da aka damƙa wa rabonsa, duk shawara ɗaya ake ba su: "A zuba a ƙasa, ƙasa ba ta ruɓewa." Da yawansu gabansu na faɗuwa, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Masu shawarar suna da hujja. Kano kullum ƙara cika take yi, kuma a Kabuga, Ɗorayi da Rijiyar Zaki, inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke neman makwanci, ɗaki mai ruwa da wuta ba ya daɗewa a rufe. Kuɗin haya galibi na shekara ake biya a dunƙule. Ga shi gida abin bar wa 'ya'ya ne.

Amma a ɗauki biro. A ce ka sayi gida Naira miliyan 20, yana kawo miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Kashi 6 cikin 100 ke nan, wato sai an haura shekara 16 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ba a cire kwasar masai ba, ba a cire kwanon da zai yi yoyo a watan Agusta ba, ko fentin da za a sake duk lokacin da ɗan haya ya tashi. Wanda ya ci bashin banki kuwa ya fi shiga uku: a Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5. Ko an ajiye maganar haramcin riba, babu hayar da za ta biya wannan.

Inda aka fi kuka shi ne takarda. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, don haka sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, duk da amfaninsu, ba su kai takardar mallaka ta gwamnati ba. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023, har da shagunan Filin Idi, ya isa ishara: a duba asalin filin tukuna. A je hukumar bayanan filaye, wato KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a binciki lambar fulotin. In gidan gado ne, kada a biya ko sisi sai an ga takardar rabo da amincewar dukkan magada, musamman mata, waɗanda sau da yawa ba a tuntuɓarsu sai rigima ta kai kotu. Dillali la'adarsa yake nema, ba shi ne lauyanka ba.

Sannan a je unguwar da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, a dubi gindin katanga. Layin danshin da ke jikinta ya fi bakin mai sayarwa gaskiya.

Matsayinmu shi ne a shiga, amma da kaɗan: shago ɗaya, ko ciki da falo biyu a unguwar da ka sani, da kuɗin kanka, kana riƙe da abin gyara na aƙalla shekara guda. A rubuta yarjejeniya da ɗan haya ko da ɗan'uwa ne, a kuma tausaya masa wajen ƙarin kuɗi, domin ɗan haya nagari ya fi ƙarin dubu hamsin. Wanda sayen zai cinye duk abin da ya mallaka, ya dakata tukuna.