Bindigar da Aka Sa a Ƙera da ta Kasuwa

A Mahuta, cikin ƙasar Fakai ta masarautar Zuru, bindigar toka tsohuwar abokiyar maharbi ce da manomi, tun zamanin da babban abin tsoro a gona bai wuce biri da gyado ba. Yanzu da ɓarayin daji suka sa ta zama abin tsaron gida, gardama ta taso: shin wanda ya je wurin gwanin maƙeri ya sa aka ƙera masa tasa da kuɗi masu tsoka ya fi wanda ya sayi ta kasuwa dabara, ko kuwa israfi ya yi?

To, amsar tana cikin sanin abin da ƙarin kuɗin ya saya. In ƙarfen bututun ya saya, lalle ya ci kuɗinsa. Ta araha sau da yawa da bututun ruwa ake yin ta, mai ɗinki a tsawonsa. Ran da albarushi ya yi yawa sai ta tsage, ta ɗauke yatsun mai ita, ko idonsa. Haka kuma kunama mai kamawa kowane lokaci, da ƙota da aka auna daidai kafaɗar mutum, duk abin biya ne. Kuma maƙerin da aka sani ana iya komawa gare shi da aibin da ya bayyana, abin da malaman Malikiyya suka tabbatar wa mai saye. Baƙon da ya shimfiɗa haja ranar kasuwa fa, ina za a same shi?

Amma ƙusoshin tagulla, da zane a ƙota, da jar fata da ake naɗawa, ado ne kurum. Ba su ƙara wa harsashi nisa ko taki ɗaya.

Ko a Amurka haka maganar take. Fistol ƙirar 1911 da gwani ya gyara da hannu takan ninka Glock kuɗi sau da yawa, amma Glock ɗin ce 'yan sanda da yawa ke ratayawa. Nan kuwa wannan ciniki ba shi da ƙofa, gama Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka hana sai da iznin shugaban ƙasa. Ita bindigar toka ma sai da lasin, ƙera ta kuma sai da izni. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a ƙaramar bindiga don alfahari ya sayo wa kansa shari'a.

Akwai kuma abin da kuɗi ba su gyarawa. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'Yan Sa Kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da mutum 60. Bindigar toka, kome gwanintar maƙerinta, harbi ɗaya take yi a tsaya a ɗura, alhali AK-47 tana ɗauke da harsashi 30. Mai tsadar ta fi ta kasuwa aminci ga hannun mai ita, amma gaban wannan makami duka biyun ɗaya suke, kuma wanda tsadar tasa ta sa shi shiga daji da gaba gaɗi ya fi mai ta kasuwa kusa da halaka.