Tukunyar Sinadarai da Ragwancin Alƙalaminmu



Akwai maganar da muka mayar maɓoya: wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya, don haka mu tsaya kan soyayya da rikicin kishiyoyi. Bari mu auna maganar nan da abin da muka fi rainawa, wato wasan kwamfuta.

A wasan gini na Minecraft, wanda kamfanin Mojang na Suwidin ya kammala fitarwa a 2011, akwai wani ƙari da masu sha'awa suka ƙirƙira mai suna GregTech. A cikinsa ake gina Large Chemical Reactor, babbar tukunyar haɗa sinadarai. Tsawonta tubali uku, faɗi uku, tsayi uku. Bangonta na robar Teflon ne, irin wadda ake shafa wa kasko don kada suya ta kama, domin asid ba ya cin ta. A tsakiya akwai bututu, a jikinsa naɗin waya ɗaya. Sai ƙofofi: ta zuba ruwa da iska, ta zuba gari, ta kwashe abin da aka haɗa, ta wuta, da ta gyara. Ka manta ta wuta ko ta gyara, tukunya ba za ta tashi ba.

Amfaninta a fili yake. Ƙaramin inji in ka ninka masa wuta sau huɗu, saurinsa sau biyu kawai zai ƙaru, rabin wutar ya tafi a banza. Ita kuwa wuta sau huɗu, sauri sau huɗu. Sai dai ba ka gina ta sai ka sha wahalar haɗa Teflon ɗin a ƙananan injuna tukuna.

To, wace kalma ce ta gagare mu a nan? 'Yan kaɗan muka ara, kamar yadda iyayenmu suka ari mota da asibiti ba tare da sun nemi afuwar kowa ba.

Wani zai ce ai wasa ne. A tukunyar nan ake haɗa naitirojin da haidirojin a sami amoniya, tushen takin yuriya da manomanmu ke saye kowace damina. Ƙannenmu masu buga wasan da Turanci suke koyon wannan, domin ba mu rubuta musu da Hausa ba. Gobe mu ne za mu fara kukan yara sun guje wa harshe.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi inji ɗaya, na wasa ko na niƙa a unguwarsu, ya bayyana yadda yake aiki cikin kalmomi 200. Muna jiran ku a ƙasa.